Golan da Ya Jira Usur

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da kuwa na so in manta, da wata Asabar a Bebeji da na tsaya gaban jama'ar gari ido a rufe, hannu a buɗe, ina jiran a busa usur. An fi shekara talatin yanzu. Gashina ya yi fari, gwiwa ta daina yarda da ni, amma kunyar wannan yammacin tana nan yadda na baro ta.

A lokacin ina koyar da aji huɗu a wata firamare a ƙasar Kiru, wajen ƙarshen shekarun tamanin. Mu malaman makarantun yankin muka haɗa ƙungiyar ƙwallo. Ba kofi muke nema ba, ba kuma wanda yake biyan mu. Laraba da Asabar bayan la'asar za mu taru a filin makaranta, mu cire manyan riguna mu rataye a reshen darbejiya, mu yi ta gudu har a kira magariba. Ragarmu ba ta da raga. Itacen turare ne guda biyu aka kafa, aka ɗora gora a sama.

Ni ne gola. (Kada mai karatu ya ɗauka iyawa ce ta kai ni. Ranar farko aka tambaya wane ne ba ya son gudu, na ɗaga hannu.) Amma da tafiya ta yi tafiya sai na kamu da son wurin. Shekara shida ina tsaye tsakanin itatuwan nan. Ina da rigata ta gola, baƙa mai dogon hannu, da lamba ɗaya da tela ya ɗinka a baya ta ɗan karkace. Matata Hajara ta cusa min soso a gwiwar hannun don kada in riƙa goge fata. A aji ni malami ne kamar kowa, a gida maigida ne kamar kowa, amma in na sa wannan rigar ni kaɗai ne mai irinta a duk filin. Ban san yadda zan bayyana muku ba, abin dai yana min daɗi.

Sai dai ina da ciwo guda, wato fenareti. Ƙwallon da aka bugo daga nesa ina tare ta daidai gwargwado. Amma da zarar alƙali ya nuna ɗigon nan, aka ajiye ƙwallo, kowa ya ja baya aka bar ni daga ni sai mai bugu, sai in ji ƙirjina yana dakan sakwara. A shekara shida ban taɓa tare ko ɗaya ba. Akwai wadda ta doki goshina ta koma, amma ko ni ban sa ta a lissafi ba, don ba ni na je mata ba, ita ta zo min.

Ana haka aka yi wa wani malami canjin wurin aiki daga wajen Doguwa zuwa yankinmu, Malam Sale. Ɗan gidan makiyaya ne, dogo, marar yawan magana, hannunsa kamar zai ɗauko abu daga kan rumbu yana zaune. Ranar da ya fara zuwa fili aka sa shi a ɗaya ragar don a cika mutane. Duk abin da aka buga masa sai ya miƙa hannu ya ɗauke kamar yana tsinkar mangwaro. Da aka tambaye shi inda ya koya, ya ce bai koya ba, shi dai ya saba kamun maruƙa. Daga ranar na fara lura in na shigo fili hira tana canzawa.

Kyaftin ɗinmu shi ne Malam Habu, aminina tun muna kwalejin horon malamai, gadonmu ɗaya sama da ƙasa. Shi yake koyar da wasannin motsa jiki a makarantarsu. Allah ya yi masa rasuwa a daminar da ta wuce, Allah ya jiƙansa. Saboda shi ne ma na zauna rubuta wannan, don shi ya fi kowa iya ba da labarin, yanzu kuwa sai ni.

A wannan shekarar Habu ya je wani kwas na 'yan makonni a Zariya, ya dawo da littafin rubutu cike da abubuwan da ya kwafo, da kuma sabon ra'ayi. Wata Laraba bayan an tashi ya ja ni gefe.

"Gola," ya ce, don haka yake kira na ko a masallaci, "kai matsalarka ba a hannu take ba. A nan take." Ya ƙwanƙwasa min goshi.

Na ce, "To ai shi ba a sayar da sabo a kasuwa."

"Ba a sayarwa, amma ana horar da shi kamar ƙafa. Zauna."

Na zauna a ƙasa. Ya ce in rufe ido, in ja numfashi ta hanci a hankali har ciki ya cika, in sake shi ta baki, sau uku. Sannan ya ce in ga filin a zuciyata. In ga ƙwallon a kan ɗigo, in ga mai bugu ya ja baya, in ji an busa usur, in kalli ƙafar da zai dasa a ƙasa, in tashi in kama. Ya ce in yi ta maimaitawa kullum har jiki ya ɗauka ya riga ya yi abin sau ɗari. Ya ce manyan 'yan wasa haka suke yi, suna buga wasan a zuci kafin su buga shi da ƙafa.

"Hayaniyar 'yan kallo kuma," ya ce, "ka ɗauke ta kamar ruwan sama a kan kwano. Kana ji, amma ba da kai yake ba. Kuma ka samo 'yan kalmomi da za ka riƙa gaya wa kanka."

Na yi kwana biyu ina neman kalmomin, kamar mai neman sunan jariri. Daga ƙarshe na tsaya a kan waɗannan: ina nan, ina gani, tawa ce.

Ni mutum ne da in aka ba ni magani aka ce cokali ɗaya, sai in ga ai biyu za su fi saurin aiki. Habu ya ce minti goma a rana. Ni kuwa bayan sallar asuba ina kan tabarma ina kama fenareti. Lokacin tara, 'yan aji sun fita, ina kan kujera ina kama fenareti. A taron malamai hedimasta yana bayani a kan rajista, ni na tare uku. A cikin kaina babu golan da ya kai ni daga Kiru har Tudun Wada.

Hajara ta zuba min ido na mako guda. Ta ga mutum zaune ido rufe, leɓe yana motsi, can sai ya zabura ya karkata dama. Wata safiya ta ajiye min koko ta tsaya.

"Malam, in wani abu ne yake damun ka ka faɗa. Ba a ɓoye wa iyali ciwo."

Na yi mata bayani dalla-dalla, har da numfashin. Ta saurara har na gama.

"Wato ƙwallo kake yi a zaune."

"Horo ne."

"To Allah ya ba da sa'a. Ko ba komai wannan ba ta yaga wando."

Ashe kafin ta tambaye ni ta riga ta kai maganar wajen maƙwabcinmu Alaramma, mai makarantar allo a ƙofar gidansa. Da na fito zan tafi aiki ya kira ni, muka gaisa, ya tambayi abin da ake ciki. Na sake bayani. Ya shafa gemu, sannan ya ce, "Malam, wannan tattara hankalin da kake yi wa ƙwallo, da za ka ɗan ranta wa sallar la'asar rabinsa, da ka wuce mu duka." Na ce in sha Allahu, na wuce da sauri.

Gaskiyar magana, kuma ina so a rubuta wannan saboda Habu, abin ya yi aiki. Bayan kamar wata guda ƙirjina ya rage duka. A wajen atisaye Habu ya jera mutane su buga min fenareti, na tare biyu cikin yamma ɗaya. Biyu. Har Malam Sale ya zo ya ba ni hannu. Na koma gida ranar ina tafiya kamar wanda aka yi wa ƙarin girma.

Kurakuraina biyu ne, kuma duka ni na ƙirƙiro su, babu su a littafin Habu. Na farko, shi ya ce numfashi uku sannan in buɗe ido. Ni kuma na lura fuskar mai bugu ce take tsorata ni, sai na yi wa tsarin gyara: ba zan buɗe ido ba sai na ji usur. Na biyu, a duk fenaretin da nake kamawa a zuci, dama nake faɗawa. Kafaɗata ta hagu tana da tsohon targaɗe, kuma (wannan ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau) ko a cikin tunani ba na son faɗawa a kanta.

Habu ya ɗan lura. "Kana makara wajen buɗe ido, Gola."

"Ina sane."

"Kana canza ɓangare kuwa in kana yi a gida?"

"Sosai," na ce. Allah ya yafe min.

A ƙarshen zangon karatu aka shirya mana wasan sada zumunci da malaman Bebeji, a can garinsu. Wannan ne babban wasanmu na shekara. Ranar Larabar ƙarshe muna zaune a gindin darbejiya ana goge zufa, sai ɗaya daga cikin 'yan bayanmu ya fito da abin da aka daɗe ana faɗa a bayan idona.

"Kyaftin, mu fa gaskiya ɗaya ce. Ga Malam Sale nan. Ba za mu je Bebeji a yi mana dariya ba."

Malam Sale ya ce, "Ni ban zo karɓar rigar kowa ba."

Aka ɗan yi ka-ce-na-ce. Ni ina zaune ina kwance igiyar takalmin da na riga na kwance. Habu ya bari kowa ya gama, sannan ya ce, "Ku bar masa wasan Bebeji. Mutumin nan ya yi aiki, ni shaida ne. In ya ba mu kunya, ni da hannuna zan karɓi rigar in ba Malam Sale. Kun ji na faɗa."

Aka tashi a kan haka. Rigata ke nan a kan faifai, da kuma maganar Habu da ya ɗora a kaina gaban mutane.

Ranar Asabar muka cika bas ɗaya muka tafi. Filin nasu yana gefen gari, ƙasa ce mai yashi, kuma mutane sun taru fiye da yadda muka zata. A bayan raga ɗaya akwai inuwar wata babbar tsamiya, aka jera benci, dattawan unguwa suka zauna bayan sun fito daga la'asar, wasu da carbi a hannu. Alƙalin wasa wani tsohon duba-gari ne da ya yi ritaya, kowa Baba yake ce masa. Yana da usur na ƙarfe da ya rataya a wuya da igiyar takalmi, kuma yana busa shi kamar yana korar awaki daga rumfar kasuwa.

Wasan ya yi kyau, wannan ma ina so a sani. Habu ya ci mana ɗaya kafin hutun rabin lokaci. Bayan an juya, ragar gindin tsamiya ta zama tawa. Suka rama ɗaya daga bugun kwana, wadda ko Malam Sale ya ce ba mai tare ta. Na tare wasu guda biyu masu zafi, har na ji wani dattijo a bayana yana cewa, "Golan nan na Kiru ba laifi." Na ji kamar in juya in gaishe shi.

Saura kaɗan a tashi, rana ta yi ja, sai ɗan bayanmu (shi dai wanda ya ce kada a yi mana dariya) ya sa wa ɗan wasansu ƙafa a gabana. Baba ya busa, ya nuna ɗigo.

Nan fili ya rikice. 'Yan wasanmu suka yi wa Baba zobe, nasu ma suka taho, ana ta ɗaga hannu ana rantse-rantse. Ni kuwa na ce a raina, ga ranar da aka yi ta shiri dominta. Ban shiga rigimar ba. Na taka a hankali na koma kan layi, na buɗe ƙafafu, na buɗe tafin hannuwana a gabana yadda gola yake yi, na rufe ido.

Na ja numfashi na farko, na biyu, na uku. Ƙirjina shiru kamar rijiya. Na fara motsa leɓe: ina nan, ina gani, tawa ce. Hayaniya ta yi ta raguwa har fili ya yi tsit, na ce madalla, an ajiye ƙwallo ke nan, saura usur.

Usur bai zo ba.

Na ci gaba. Ina nan, ina gani, tawa ce. Na ji wasu maganganu sama-sama, na bar su suka wuce. Can na ji murya daga nesa tana cewa, "Gola, buɗe ido." Na gane muryar Habu ce sarai. Amma na ce wa kaina, ka ga irin jarrabawar da ake faɗa ke nan, ruwan sama ne a kan kwano, ba da kai yake ba. Har wani daɗi na ji, yadda na kai matsayin da ko muryar aminina ba ta girgiza ni.

Abin da ya faru a wajen idona, daga baya Habu da Malam Sale suka haɗa min shi. A cikin turereniyar nan igiyar usur ta tsinke, ya faɗi a yashi, aka tattake shi. Da aka lallashi kowa aka ajiye ƙwallo, Baba ya ɗauko shi ya busa, sai iska da ƙasa. Ya girgiza, ya sake busawa, babu. Ga magariba tana matsowa. Sai ya ɗaga hannu ya ce in ya sauke, a buga. Kowa a filin ya ga wannan, ban da mutum ɗaya.

Wanda zai buga musu malamin Arabiyya ne, Malam Iro, mutum mai kunya da ladabi. Baba ya sauke hannu, Malam Iro ya dube ni, ya ga mutum tsaye ido rufe, tafin hannu a sama, leɓe yana motsi. Sai ya ƙi motsawa.

"Baba, ai addu'a yake. A bari ya shafa."

Baba ya duba, ya ga haka ne, ya ce to a ɗan jira. Dattawan da ke kan benci a bayana, da suka ji an ce addu'a ake, wasunsu suka ajiye carbi suka ɗaga hannu su ma. Haka aka tsaya. Habu ya ce shi bai san tsawon lokacin ba, amma har wani mai rake ya sauke kayansa ya zauna. A nan ne Habu ya yi min kiran da na mayar ruwan sama.

Daga ƙarshe Baba ya gaji. Ya ce, "Malam, wannan addu'ar ba ta ƙarewa yau. Buga, alhakin a wuyana."

Malam Iro ko gudu bai yi ba. Ya tako, ya tura ƙwallon da gefen ƙafa kamar mai miƙa wa maƙwabci abu ta ƙarƙashin ƙofa. Ta gangaro a hankali, ta wuce ta gefen ƙafata ta hagu, ta shige tsakanin itatuwa, ta je ta tsaya a jikin takalmin wani dattijo. Ba wanda ya yi ihu, don mutane ba su san ko ya dace a yi murna ba. Sai dattijon nan ya dubi ƙwallon, ya dube ni, ya ce, "Amin," ya shafa. Benci gaba ɗaya suka ce amin. Daga nan ta zagaye fili.

Na ji amin ɗin. Wallahi na ji. Na ce ruwan sama ne.

Duk wannan lokacin Baba yana ta buga usur ɗinsa a dunduniyar takalmi. Yashin ya zube. Ya sa a baki don ya tabbatar da an ci, ya busa da dukkan ƙarfinsa.

Ni kuma abin da nake jira ke nan wata biyu. Ban ma tsaya kallon ƙafar kowa ba. Na tashi sama na yi dama, jikina a miƙe, hannuwa a gaba, irin tashin da ban taɓa yi ba kafin ranar, ban kuma sake yi ba bayanta. Na sauka a yashi na rungume abin da na kama, wato iska.

Sannan filin Bebeji ya fashe. Na ɗaga kai ina neman ƙwallo, na ga 'yan wasansu sun riga sun koma tsakiya, wasu sun durƙusa suna riƙe ciki. Na ga Habu tsaye ya ɗora hannu biyu a ka. Na juya baya, sai ga dattijon nan ya miƙo min ita da hannu biyu, da ladabinsa.

"Ga ta nan, Malam. Tun ɗazu ta iso."

Na karɓa. Na ce na gode, Baba. (Har yau ina mamakin wannan godiyar.)

Minti biyu ko uku da suka rage ban san yadda suka wuce ba. Aka tashi biyu da ɗaya. Malam Iro ya zo ya kama hannuna yana ba ni haƙuri, yana cewa shi da ya san ban gama ba da ya ƙara jira. Wannan ya fi dariyar ciwo.

Muka yi sallar magariba a nan, muka shiga bas. Muka bar gari. Sai motar ta faɗa wani rami ta yi tsalle, wani daga baya ya ce amin a hankali. Shi ke nan. Daga nan har Kiru, duk ramin da muka shiga sai an amsa. Direba ma da ba ya cikin maganar ya shiga. Mutum biyu ne kawai ba su yi dariya ba, Malam Sale da yake kallon taga kamar an ba shi aikin ƙirga gonaki, da Habu da ke zaune kusa da ni yana kallon gaba.

Na san abin da yake damun sa. Ya yi alkawari gaban mutane cewa da hannunsa zai karɓi rigar, kuma Habu ba ya mayar da magana. Na kuma san zai fi son a cire masa haƙori da ya yi hakan. Don haka da muka sauka a tasha, kafin kowa ya watse, na ciro rigar daga jaka, da yashinta da komai, na miƙa wa Malam Sale.

"A'a, Malam," ya ce. "Tsautsayi ne. Kowa yana iya..."

"Malam Sale, wannan ba kowa ne yake iyawa ba. Karɓi."

Ya karɓa da hannu biyu. Ya kara ta a jikinsa, hannun rigar ya tsaya masa a gwiwar hannu, soson Hajara ya koma wajen damtse. Aka yi dariya, wannan karon har da ni.

Muka kama hanyar unguwa ni da Habu. Da muka yi nisa sai ya ce, "Faɗuwar dai ta yi kyau."

Na harare shi.

"A'a, da gaske nake. Ban taɓa ganin ka tashi haka ba. Ƙafa a miƙe, hannu a haɗe. Da akwai ƙwallo a wurin da ka kama ta."

"Habu, ka bari."

"Na kira ka fa. Ka ji ni?"

"Na ji."

"To me ya hana ka buɗewa?"

"Kai ka ce in ɗauke ku kamar ruwan sama."

Ya tsaya cak. Ya dube ni. Sai dariyar da ya riƙe tun daga Bebeji ta ƙwace masa, har sai da ya zauna a bakin kwalbati yana share hawaye da hular kansa. Na tsaya a kansa ina jira ya gama, daga baya na ga tsayuwar ba ta da amfani, na zauna kusa da shi.

Labari ya riga ni kwana a gari. Washegari da safe Hajara ta ajiye min koko ta ce, "Sannu da addu'a, Malam." Alaramma kuwa, daga ranar in ana neman wanda zai rufe taro da addu'a a unguwa, yakan nuna ni ya ce a ba gwani. Sunan Malam Amin ya bi ni makarantu uku. Akwai waɗanda na koyar da har suka girma suna zaton sunana ke nan na yanka.

Ban bar ƙwallo ba. Na koma ɗan baya na hagu, inda na gano gudun ma ba ya kisa. Na yi shekara biyar a nan cikin jin daɗi, babu mai ajiye min ƙwallo a kan ɗigo. Habu ya koya wa Malam Sale numfashin da ganin zuci, shi kuwa ya bi yadda aka ce ba ƙari, da muka sake haɗuwa da Bebeji ya tare musu fenareti ido biyu. Ni na fara isa wajensa. Ni kaina ban yar da abin ba. Duk ranar da masu duba makarantu za su shigo ajina, nakan ja numfashina a bakin ƙofa in ga darasin a zuci tun daga farko har ƙarshe, kuma yana taimako.

Habu ya yi shekara talatin yana ba da labarin nan, a wajen suna, a wajen ɗaurin aure, a layin karɓar fansho. Kullum sai ya ƙara wa addu'ar tsawo. A bakinsa ta kai har an yi kiran salla an idar ina tsaye. Ban taɓa gyara masa ba, don yadda yake ba da shi ya fi yadda ya faru daɗi.

A kwanciyarsa ta ƙarshe na je duba shi, ya rame, magana sai a hankali. Da zan tafi na ɗaga hannu zan yi masa addu'a. Ya taɓa gwiwata ya ce, "Gola, ka bar idonka a buɗe. Kada in wuce ta gefenka ba ka sani ba." Muka yi dariya mu biyu, iya wadda ƙarfinsa ya bari. Na yi addu'ar ina kallon sa.

To, ga abin da na samu a wannan tsayuwa ta Bebeji, ga duk mai so. Shiri a zuci abu ne mai kyau, ina ba kowa shawarar ya yi. Sai dai ita ƙwallon ba a gaya mata abin da ka shirya ba, don haka in za ka natsu, ka natsu kana kallo. In kuma ka ji amininka yana ƙwala maka kira a tsakiyar fili, ka daure ka duba. Wani lokacin ba hayaniya ba ce, magana ake yi maka.